Ina bayan ɗaliban nan

Wallahi ɗaliban Amurkan nan da ke matsa wa jami'o'insu su kwashe kuɗi daga manyan bankuna zuwa bankunan unguwa da ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da lamuni sun burge ni. A 2011 Bank of America, ɗaya daga cikin manyan bankunan nan, ya ce zai riƙa yankar dala 5 duk wata kan katin cire kuɗi, jama'a suka yi ta rufe asusu, tilas ya janye. A gama-kai kuwa mai ajiya shi ne mai banki, kowa ƙuri'a ɗaya, kuma mai shagon bakin makaranta ake ranta wa kuɗin. Sai dai albashin dubban ma'aikatan jami'a zai yi wa ƙaramin banki nauyi, gara su fara da asusun ƙungiyar ɗalibai.