Ba kwalta kaɗai ta gina Tahoua ba

Marubucin wani labari kan garin Tahoua na Nijar ya ce hanyar jigilar yuraniyom ta Tahoua zuwa Arlit ce ta raya garin nan. To, hanyar ta taimaka, manyan motoci sun samu wurin yada zango, kasuwa ta buɗe. Amma ina ya bar fari? Daga ƙidayar 1977 zuwa ta 1988 mutanen Tahoua sun tashi daga wajen dubu 31 zuwa kusan dubu 50, kuma tsakanin nan ne farin 1984 ya karkaɗe ƙauyukan Adar, ƙasar da Tahoua ke cikinta, da makiyayan Azawak na arewa da ita, bayan na 1973 da tuni ya cinye garkuna. Da yawa yunwa ta koro su, suka kafa bukkoki a bakin gari, ba su koma ba. Sannan kai mai sharhi a kan labarin da ke cewa gwamnatin Kountché, shugaban mulkin soja na lokacin, ce ta yi komai, Allah ya ba ka haƙuri, zagaya unguwanni ka tambayi masu gidajen siminti. Akasari kuɗin 'yan biɗa ne daga Abijan da Najeriya, gumin dako da talla. Me ya sa labarin bai ambaci Adarawan nan ko sau ɗaya ba?