Manhajarmu ta ce Sani malalaci ne

Watan jiya na je Kano gasar haɗa manhaja, irin wadda ake kulle ku kwana biyu da kwamfuta da shayi a ce ku fito da wani abu. Mu huɗu ne a rukuninmu. Muka haɗa manhajar motsa jiki: tana ƙirga takun mutum da na'urar jin motsi da ke cikin waya, ta tura lissafin zuwa Firebase, wata ma'ajiyar bayanai ta Google a intanet, da yamma ta faɗa maka ko ka cika taku 10,000. Alƙalai sun tafa mana. Na dawo ƙauyenmu a ƙasar Ringim ina jin kaina.

Na sa wa ƙanina Sani a Itel ɗinsa. Washegari ya bar wayar wurin mai caji, ya saɓi garma ya tafi huɗa tun asuba, bai dawo ba sai bayan azahar, rigarsa ta manne da baya don gumi. Da magariba ya karɓo wayar ya miƙo min yana dariya. "Yaya, karanta abin da abarka ta ce." Saƙon da ni na rubuta da hannuna ne: "Yau ba ka motsa ba, tashi ka ɗan taka."

Ko da wayar tana aljihunsa ma, me za ta gani? Mai huɗa a sunkuye yake, aikin a kafaɗa da ƙugu yake, takun kaɗan ne. Inna kuwa ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga a rijiya har ta cika randa biyu, duk a tsaye wuri ɗaya. A lissafinmu ba ta yi komai ba.

Shi kansa 10,000 ɗin nan ba daga asibiti ya fito ba. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Talla ce ta bi duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti take ƙirgawa, 150 zuwa 300 a mako ga baligi, kuma aikin gona da na gida duk suna ciki. Sani ya gama nasa na mako tun kafin rana ta take. Mun san wannan a wurin gasar? Ba mu ko bincika ba, mun ga kowa na sa dubu goma muka sa.

Sai maganar gajimare. Baba ya tambaye ni ina lissafin yake zuwa, na ce gajimare. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Wannan da ba ya kawo ruwa?" Na yi masa bayani cewa kwamfutoci ne jibge a ginin wasu, a wata ƙasa, muna haya. Ya ce to me ya sa takun ɗansa zai je can alhali sabis ma sai an je bakin firamare ake samu? Ban da amsa. A ɗakin gasar intanet kamar ruwan famfo, ba wanda ya tuna ya kashe data ya gwada.

Ba na cewa gasar banza ce. A kwana biyun nan na koyi abin da na yi wata uku ina kame-kame a kai. Abin da ke damuna shi ne mun ɗauko ciwon mai zaman ofis muka yi masa magani, muka kawo wa manomi. Ciwon da na sani a garinmu hawan jini ne. Kawuna sai da ɓarin jikinsa ya shanye aka san yana da shi, kuma katin da ake rubuta awonsa ya ɓace sau biyu.

A nan gajimaren zai yi rana. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ya auna jini ya shigar a waya ko babu sabis, in ya samu ta tura da kanta. Ranar shan magani ko komawa awo, saƙon murya da Hausa ya shigo 'yar ƙaramar wayar nan mai tocila da Baba yake riƙewa. Na turo wa abokan rukunin wannan shawara, biyu sun amsa. Na ce musu kafin a rubuta layi ɗaya su zo su kwana biyu a nan, Sani ya ce akwai garma ta biyu.