Bagaruwa da gyambon ciki: a gwada, amma a faɗi gaskiya

Jiya a kasuwar Gadarif, a Sudan, wani mai magani ya miƙo min ƙullin garad, wato bagaruwarmu dai, ya ce: "Ɗana, wannan har masana sun gwada, tana kashe olsa." Ban musa masa ba, dattijo ne. Amma maganar ta tsaya min a rai.

Gwaji kam ana yi. Tun kafin yaƙin 2023 akwai cibiyar binciken tsirran magani a Khartoum. Sai dai a san yadda irin wannan gwajin yake. Galibi ɓera ake samu, a hana shi abinci, a ɗura masa ruwan tsiron, a bi shi da sinadarin barasa ko asfirin don cikinsa ya yi rauni, sannan a buɗe a auna, a kwatanta da wanda ya sha omeprazole, maganin olsa na asibiti. Aiki ne mai kyau. Amma gyambon da aka yi wa ɓera cikin awa guda daban yake da wanda mutum ya shekara biyar yana fama da shi.

Yawancin namu ƙwayar cuta ce ke kawo shi, H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982. Marshall har shanye ta ya yi don a yarda da shi. Kyautar Nobel ta zo musu a 2005. Sauran kuma galibi magungunan rage ciwo ne ke kawo shi.

Kawuna ke nan. Lokacin yankan riɗi kullum sai ya haɗiyi diclofenac saboda bayansa, ya kora da jabana, wato gahawa, cikinsa ba komai, da dare ya sha jiƙon bagaruwa, mai baurin nan da ke ɗaure harshe. Zafin yakan lafa, ya ce ya warke. Ranar da bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta muka kwashe shi sai asibiti. Jini ne yake zuba a ciki.

Ni ban raina bagaruwa ba. Abin da majemi ke jima da shi ai ba wasa ba ne. Ita da hulba da habbatus sauda da ɓawon rumman, a kai su gwaji a kan mutane, a gaya mana cokali nawa, kwana nawa, wa ya kamata ya guje musu. Kafin nan, Baba mai magani, ka ce "tana sa sauƙi", zan saya. "Tana kashewa" ɗin nan ne ban yarda ba.