Duron ɗinku ya tashi, to sai me?

Wai don na rubuta layi ɗaya a ƙarƙashin tallan fim ɗin nan mai dogon zango, shi ne tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Kun dai ga yadda aka yi, ba sai na maimaita ba. Tambaya ɗaya na yi: gidan nan da aka nuno mana daga sama da duron, wato ɗan jirgin nan marar matuƙi mai ɗauke da kyamara, har sau shida a tallan da bai wuce minti biyu ba, me ake so mu gani a kan rufinsa? Shi ke nan fa. Na zama ɗan hassada, na zama maƙiyin masana'antar finafinan Hausa, na zama ɗan koren Turawa. Wani yaro da ya sa hotonsa rungume da kyamara kamar jaririn da aka haifa masa jiya, ya rubuto min da manyan baƙaƙe cewa kyamarar da suka yi aiki da ita ta fi motata tsada. Na yarda, ƙanena. Motata sai an tura take tashi da safe. Amma har yanzu ba ka gaya min abin da ke kan rufin ba. Ni dai tankin ruwa na gani, da faifan satalayit, da wani wando da iska ta kai can.

Kuna ta rubuta "kwaliti, kwaliti" da alamar wuta. Hoto ya fita tar, ban musa ba. Har ƙurajen da hoda ta rufe a goshin jarumar ana iya ƙirgawa. To sai me? Hoton katin ɗan ƙasa ma yanzu tar yake fita. Tambayar da nake yi wa duk mai riƙe da kyamara ita ce: me ya sa ka ajiye ta a nan, ba ka ajiye ta can ba? In amsarka ita ce "don muna da duron", wallahi ba ka da amsa.

Bari in ba ku labarin hamada, tunda ku sama kuke so. A 1962 David Lean ya fito da Lawrence of Arabia, mai ɗaukar hotonsa Freddie Young. Akwai wurin da Bature da ɗan jagoransa suke tsaye a bakin rijiya, a hamadar Jodan, rana ta take. Can ƙarshen inda ido ke iya kaiwa sai ga wani ɗigo baƙi a cikin ƙawalwalniya, yana rawa kamar hayaƙi. Babu kiɗa. Ba a zuƙo shi kusa don a taimaka maka ba. An bar ka ka tsaya a rana tare da su kana ƙifta ido, kana tambayar kanka ko mutum ne ko dabba ko idonka ne ke maka gizo. Ɗigon ya yi ta girma a hankali har ya zama raƙumi, raƙumin ya zama mutum cikin baƙaƙen kaya, sai takun raƙumin kawai kake ji. Ɗan jagora ya ruga zai ɗauko bindiga, aka harbe shi daga nesa. Haka Omar Sharif ya shigo fim ɗin. An yi amfani da wani dogon gilashin kyamara na kamfanin Panavision mai milimita 482 don a kamo rawar zafin nan, gaskiya ne, kayan aiki sun yi rana. Amma gilashin an ɗauko shi ne saboda an riga an san abin da ake so ya kamo. Da ɗaya daga cikin yaran nan aka ba wa, da ya tashi duron ya zagaye raƙumin sau uku, ya nuno mana rawaninsa ta sama, ya zuba kiɗan ganga, mu ga fuskarsa tun daƙiƙar farko, tsoron ya mutu murus. Kyamarar tana ƙasa daidai tsayin idon mai jiran abin da bai sani ba. Dalilinta ke nan na zama a wurin. Naku dalilin fa?

Na san abin da za ku ce, an riga an faɗa min sau hamsin a akwatin saƙo: su Turawa ne, suna da kuɗi. To mu bar Turawa. Mu tafi Indiya, ƙasar da kuka fi sanin ƙauyukanta fiye da na kakanninku.

Satyajit Ray bai taɓa ba da umarnin fim ba lokacin da ya fara Pather Panchali a 1952. Wanda ya miƙa wa kyamara, Subrata Mitra, shekararsa 21, hoton kati yake ɗauka, bai taɓa sarrafa kyamarar fim ba. Kuɗi suka yanke har sai da aka jinginar da gwala-gwalan matar Ray, daga baya gwamnatin Bengal ta Yamma ta sa hannu, fim bai fito ba sai 1955. A cikinsa akwai inda yara biyu, Durga da ƙanenta Apu, 'ya'yan talakan ƙauye, suka yi nisa da gida suka shiga wani fili mai doguwar ciyawa da farin fure. Yarinyar ta ji wayar tangarahu tana gunji, yaron ya kara kunnensa a jikin turken. Sai ga baƙin hayaƙi ya keto saman farin furen nan, jirgin ƙasa ne, abin da ba su taɓa gani ba. Yaron ya zura da gudu, kyamara kuma tana ɗaya tsallaken dogo, muna hango shi ta tsakanin ƙafafun jirgin yana wucewa. Baƙi a kan fari, ƙarfe a kan fure. Ba wanda ya buɗe baki ya ce "duniya tana canzawa, ya ƙanena", kamar yadda marubutanmu za su sa yarinyar ta faɗa tana kallon sama. Kuma ku ji wannan: sun ɗauki rabin fitowar, da suka koma ƙarasawa suka tarar shanu sun cinye furen. Sai da suka jira kakar gaba. Ku kuwa in rana ta juya a lokeshan, sai dai a ce a ci gaba kawai, edita zai gyara.

Har yanzu kuɗi ne matsalar?

Ko darakta Guru Dutt da mai ɗaukar hotonsa V. K. Murthy a wata fitowa ta fim ɗin Kaagaz Ke Phool, 1959. Ɗakin ɗaukar fim ne babba, duhu, ba kowa sai mace da namiji da ba su da halin su auri juna. Sai wani sandan haske guda ɗaya ya sauko daga rufi ya tsaya a tsakaninsu. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da kwanonsa ya huje ya san hasken nan, wanda ƙura ke yawo a cikinsa da hantsi. Da madubai Murthy ya yi shi: ɗaya a waje yana karɓo rana, ɗaya a sama yana jefo ta ƙasa, aka sa hayaƙi don sandan ya fito. Madubi da rana. A Kano wanne ne babu? Ranar da muke zagi kullum daga Maris zuwa Mayu, wani ya mayar da ita kayan aiki shekara sittin da wani abu da suka wuce. Fim ɗin ma faɗuwa ya yi a kasuwa, amma Murthy shi ne mai ɗaukar hoto na farko da aka ba lambar Dadasaheb Phalke, babbar lambar fim ta Indiya. Mun kwafi rawar Indiya, mun kwafi canza kaya sau bakwai a waƙa ɗaya, mun kwafi gudu a bayan bishiya. Hasken ne kawai ba wanda ya ga ya dace a sato.

Masu cewa "mai kallo ba ruwansa da wannan, labari yake so", ku ji tsoron Allah, ku daina raina mutane. Ku je ku tambayi duk wani dattijo da ya kalli fim ɗin Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na Moustapha Akkad, me ya fi tsaya masa a rai. Da yawa ba za su kawo muku jawabi ko ɗaya ba. Tabarau za su ce. Tsohon yana kan dandamalin rataya, tabaransa ya faɗi, ƙaramin yaro ya zo ya ɗauka. Kawuna Allah ya ji ƙansa bai san me ake kira darakta ba, amma duk lokacin da aka sa kaset ɗin in an zo wurin nan sai ya cire hularsa ya shafa kai ya ce "Allahu Akbar". Bai san sunan dabarar ba, amma ta kama shi. Wani ne ya zauna ya yanke shawarar cewa a daidai lokacin nan, duk da dubban mutanen da ke filin, abin da ya kamata a kalla shi ne ɗan gilashin da ke ƙasa. Me ya sa ka ajiye kyamarar a nan? Ga mutumin da ke da amsa.

Wanda ya fi ci min rai kuwa na kusa da mu ne. Timbuktu, na Abderrahmane Sissako, 2014, an ɗauke shi a Muritaniya, Sofian El Fani ne a kan kyamara. Makiyayi da masunci suka yi faɗa a cikin ruwa saboda saniyar da ta shiga koma aka soke ta. Bindiga ta tashi. Daga nan sai kyamara ta ja can nesa ta tsaya cak, kogin gaba ɗaya ya cika allo, rana na shirin faɗuwa. Mutanen biyu sun koma kamar tururuwa. Ɗaya yana ta kutsawa cikin ruwa zuwa gaɓa, ɗayan a can ɗaya ɓangaren ya yunƙura ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya faɗi. Ba a yanke ba, ba a matso ba, ba a nuno jini ba. Na dakatar da fim ɗin a wurin na fita ƙofar gida na zauna. Mu da muke jin labarin irin wannan kisa a rediyo kusan kowane mako, a kan gona, a kan burtali, a kan mashaya, ban taɓa ganin wanda ya nuna min ƙanƙantar abin da ake mutuwa a kansa da girman abin da ake rasawa kamar hoton nan ba. Ga nisa mai dalili. Shi ma daga nesa ya ɗauka, kamar duron ɗinku, sai dai shi ya san abin da nisan zai yi wa ƙirjin mai kallo.

Kuma yanayin ƙasar irin namu ne sak. Rairayi, ruwa, shanu, rawani, hasken la'asar. Ba dusar ƙanƙara ba ce balle ku ce ba mu da ita.

Abin da ke ba ni haushi ke nan, don ba ƙin ku nake yi ba. Da ina ƙin ku da ban ɓata datata ba. Ƙasar nan cike take da hoto. Hasken da ke shigowa zaure da safe ya kwanta a kan tabarma rabi, ya bar rabi a duhu. Hazon hunturu da ke mayar da mai keke fatalwa tun yana taku ashirin daga gare ka. Marinar Ƙofar Mata, hannun da ya yi shuɗi har gwiwa. Lungun cikin gari da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace, wanda in ka sa kishiyoyi biyu a cikinsa ka gama rubuta fitowar ba tare da kowa ya yi magana ba. Labulen ƙofa da iska ke ɗagawa ka hango ƙafar wanda ke laɓe. Duk wannan kyauta ne. Amma a'a, sai falo mai kujeru ruwan gwal, an kunna duk fitilun duniya har ba wanda ke da inuwa, mutum uku a jere a kan doguwar kujera kamar masu jiran likita, wannan ya yi magana a nuno shi, wancan ya amsa a nuno shi. In an gaji sai a tashi duron a nuno rufi. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 ake abin nan, lokacin da uzurin kayan aiki uzuri ne na gaske. Yau wayar da ke aljihun mai riƙe fitila ta fi kyamarar wancan zamanin, zaman kujerar kuwa bai canza ba.

Shi kuma mai cewa in fito da nawa fim ɗin: ban iya ɗinki ba, amma in tela ya yi min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba sai na sayi keke zan faɗa ba.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ku sayi duk abin da za ku saya, Allah ya ƙara buɗi, ni ma ina so in ga an daina ɗaukar sauti da iska tana busa makirfo. Amma kafin a danna maɓalli, wani a lokeshan ɗin ya yi ta maza ya tambayi darakta: ranka ya daɗe, me ya sa a nan? In ya yi shiru, a matsar da ita.

Af, tunda maganar duron ake, masu ɗaukar hoton biki ku ma ina da magana da ku. A bikin 'yar yayata watan jiya, ana tsakiyar kamu, wani ya saki nasa a tsakar gida. Tsakar gida fa, mai igiyar shanya uku da bishiyar darbejiya. Iskarsa ta kwashe mayafin wata gwaggonmu ta liƙa a reshe, ƙura ta tashi ta sauka a kan farantan alkaki, tsofaffi suka watse suna salati, wata tana cewa aljani ne. Da hoton ya fito, minti huɗu cur na saman kawunan mata ne, ɗaurin ɗankwali iri-iri, ko fuska ɗaya ba ka ganewa. Uwar amarya har yau tana neman inda aka nuno ta. Kuma sai da ya caji ƙarin kuɗin duron, ya ce batirinsa daban ake saya.