Ciyaman na wa ne, na talakawa ko na gwamna?

A daminar da ta wuce na je sakatariyar wata ƙaramar hukuma domin karɓo wa ɗan ƙanwata takardar shaidar zama ɗan asalin yanki. Ranar Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ciyawa ta kai gwiwa a harabar, ga wata tsohuwar motar gyaran hanya a kafe, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, awaki sun fake a ƙarƙashinta. Masinja ɗaya na tarar a kan benci. Na ce, "Baba, ciyaman na ciki?" Ya ce, "Ai Ranka ya daɗe yana birni, sai ƙarshen wata idan kaso ya shigo." Sai da na yi sawu uku kafin a sa hannu a takardar. A hanyar komawa, a bakin kasuwar garin, na ga magudanar ruwa ta cushe da leda, ruwa ya malale har cikin rumfunan masu hatsi, wani dattijo yana ta ɗage buhunan gero yana ɗorawa a kan bulo.

Yashe wannan magudana aikin ciyaman ne, kuma doka ce ta ɗora masa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana ayyukan ƙaramar hukuma filla-filla: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da lambobin gidaje, sannan da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Duk abin da talaka ke taɓawa da hannunsa daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana yana cikin wannan jeri. Shugaban ƙasa yana Abuja, gwamna yana gidan gwamnati bayan shingen 'yan sanda. Ciyaman ne kaɗai mai mulkin da ya kamata ka iya tare shi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ka ce masa rijiyar burtsatsen unguwarku ta lalace.

Akwai irin waɗannan kujeru 774 a Najeriya, Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Kuma ba kujerun wofi ba ne, domin kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi yake fita. To me ya sa mai wannan kujera ya zama ɗan aike?

Yawancin masu sharhi kan tsaya a kan kuɗi, kuma suna da hujja. Sashe na 162 na kundin ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, wanda kason wata-wata ke faɗawa cikinsa kafin ya isa inda aka nufa da shi. A nan gwamnoni suka samu ƙofa. A yanke wannan da sunan aikin haɗin gwiwa, a yanke wancan da sunan wata hukumar jiha, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya albashi ya zauna. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomin riƙo. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Na yi murna a ranar, ban kuma janye murnata ba, duk da cewa an shafe fiye da shekara guda ana jan ƙafa wajen aiwatar da shi, wasu jihohi kamar Anambra har doka suka yi da za ta maido da wani ɓangare na kuɗin hannun jiha.

Sai dai ni a ganina tushen cutar ya fi asusu zurfi. Ikon duk wani mai mulki yana komawa ne ga wanda ya ba shi kujera. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ciyaman ɗin da aka rubuta sunansa a gidan gwamnati, aka sanar da shi a matsayin ɗan takarar masalaha, hukumar zaɓen da gwamna ya naɗa mambobinta ta bayyana shi a matsayin wanda ya ci, wannan ciyaman ko an zuba masa kuɗin a aljihun rigarsa zai ɗauka ya kai inda aka ce ya kai. Bai ci bashin kowa a ƙauye ba, don haka ba ya jin nauyin kowa a ƙauye.

Dubi abin da ya biyo bayan hukuncin kotun. Jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe don kada a riƙe musu kaso. A watan Oktoban 2024 jam'iyyar APC ta lashe duka kujeru 23 a Kaduna da duka 27 a Jigawa, NNPP kuma ta lashe duka 44 a Kano. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk wadda ke riƙe da gidan gwamnati ita ke kwashewa, a Arewa da Kudu. Jihar da a babban zaɓe za ka ga an raba kujerun majalisa tsakanin jam'iyyu biyu ko uku, a zaɓen ƙananan hukumomi sai ta zama baki ɗaya, da wuya ko kujerar kansila ta kuɓuce. Mutane sun gane, shi ya sa ranar zaɓen suke tafiya gona.

Kuma gwamnoni sun daɗe da sanin cewa rushe zaɓaɓɓu haramun ne a doka. Sashe na 7 ya lamunce wa ƙananan hukumomi shugabanci ta hanyar zaɓe. A watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushe shugabannin ƙananan hukumomin Katsina da aka yi a 2015, da na Oyo a 2019, ya saɓa doka. Amma lokacin da hukuncin ya zo wa'adin waɗanda aka kora a Katsina ya riga ya ƙare, sai batun biyan haƙƙoƙinsu kawai. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irin wannan ta wata hanyar, inda a watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun gundumomi, ta maye gurbin zaɓaɓɓun magadan gari da waɗanda ta naɗa.

Akwai masu cewa a miƙa zaɓen ga INEC. Ina goyon bayansu, domin a Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, an sha ganin jam'iyyu daban-daban sun raba kujerun. Amma a Abujar nan ce malaman firamare suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda batun mafi ƙarancin albashi, yara na zaune a gida. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsofaffin malamai ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka bar albashinsu a hannun ƙananan hukumomi, suka yi watanni ba ko sisi. Tsoron da ƙungiyarsu ta NUT ta daɗe tana nunawa kan cin gashin kai ba na banza ba ne.

Abin da ya sa ke nan nake ganin mun yi sakaci da kansiloli. Ciyaman ba sarki ba ne. Majalisar kansiloli ce ya kamata ta amince da kasafin kuɗinsa, ta yi dokokin kasuwa da tsafta, ta kira ma'aji ta tambaye shi inda kuɗin shiga na tasha da na rumfuna suka tafi. A wurare da yawa kansila ya koma mai jiran alawus da rakiya zuwa ɗaurin aure. Mu ma da muke mazaɓunsu mun mayar da su haka, don idan mun je wurinsu kuɗin magani ko ragon suna muke nema, ba mu tambayar kasafi. Alhali Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, duk mai waya a hannu zai iya dubawa.

Dattawan da suka ga zamanin En'e, wato mulkin hukumomin gargajiya na sarakuna, kan ce, duk da zaluncin haraji da jangali da 'yan doka, a wancan lokacin an san ƙofar da za a buga idan gada ta karye. Ba na fatan dawowar wancan zamani, gyaran 1976 da ya kawo majalisu na zaɓe ci gaba ne na gaske. Abin da nake nema daga 'yan majalisar tarayya da na jihohi, a duk gyaran kundin da za a yi, abu uku ne a haɗe: a cire zaɓen daga hannun hukumomin jihohi, a soke asusun haɗin gwiwa daga sashe na 162 baki ɗaya, a kuma ƙayyade wa'adi guda ga kowane ciyaman a faɗin ƙasa, tun da yanzu wata jiha shekara biyu take bayarwa, wata uku, wata huɗu, gwargwadon abin da ya yi wa gwamna daɗi. Jihohi kuma su sa a dokokinsu cewa dole ciyaman ya kwana a hedikwatar ƙaramar hukumarsa, ya kuma liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa na sakatariya duk ƙarshen wata, da Hausa ko harshen da mutanen wurin ke ji, yadda dattijon nan mai ɗage buhunan gero zai iya sa jikansa ya karanta masa nawa aka ware wa magudanar kasuwarsu.