Tikiti ya ɓace, sai a ce ka sake biya?

Duk wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, a Kamaru, da yamma ya san a wujijjige mutane ke isowa. A nan layin dogo ya tsaya tun 1974, bai ƙara ko taku ɗaya zuwa arewa ba. Mutumin Garwa sai ya sha kusan kilomita 280 a mota, na Marwa da Kuseri tasu wahalar ta fi haka, 'yan uwanmu na Chadi kuwa, da ba su da layin dogo sam, su biyo ta Mundu da Tuboro. Duk a taru a kan jirgin dare mai zuwa Yawunde. Ga buhuna, ga yara na kuka, ga 'yan dako na fizgar kaya, ga masu yankan aljihu. A cikin wannan turmutsutsun, 'yar guntuwar takarda ce kaɗai shaidarka, in ta faɗi ka shiga uku.

Haka ta faru da goggona. Za ta ganin likita, ɗanta na jiranta a unguwar Birikiteri da ke Yawunde. Mun sayi tikitin kushet, wato tarago mai gadajen kwanciya, tun da safe saboda bayanta ba ya jure zama, ta ƙulle shi a haɓar zani. Bayan ta yi alwalar la'asar ta laluba, babu shi. Muka koma wurin mai sayarwa.

"Malam, don girman Allah ka duba mana. Kai ka karɓi katin shaidarta ɗazu, sunanta na cikin kwamfutarka."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ba aikina ba ne, ku je ku ga shef."

Ofishin shef, wato shugaban tasha, a kulle. Wani mai gadi ya ce mu tafi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, mu yo takardar shaidar ɓacewa, wani ya ce ko mun kawo ba ta da amfani. Goggo ta dafa tagar tana cewa, "Ɗana, ka dubi furfurata, zan yi maka ƙarya a kan takarda?" Da Faransanci ya amsa mata, harshen da ba ta ji. Magariba ta kawo jiki, aka fara shiga jirgi, dole muka sake biya. Kushet ya ƙare, sai kujera. Tsohuwa mai ciwon baya ta kwana zaune tafiyar da ta haura kilomita 600, alhali gadon da ta biya kuɗinsa yana cikin jirgin nan.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Me ya sa ake tambayar katin shaida lokacin saye, ake rubuta suna da lambar gado, in ranar da takarda ta ɓace duk wannan ba zai yi wa fasinja rana ba? Ku masu jirgi, in tsoron ku kada wani ya tsinci tikitin ya shiga da shi, ai da sauƙi: a soke tsohon, a buga sabo, mai duba tikiti ya gwada suna da kati a bakin tarago. Ko 'yar tara ce a sa, mun yarda. Amma a karɓi kuɗin tafiya ɗaya sau biyu daga hannun wadda aka yi wa karo-karo kafin ta haɗa na farko, wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Kuma mutane na haƙura ne don ba su da zaɓi. In ka yi fushi ka fita, doguwar hanyar Meiganga da Bertuwa ke jiranka a mota, ga kuɗin masauki in ka kwana.

Kafin a gyara, jama'a ku kare kanku. Da an miƙo tikiti ku ɗauki hotonsa a waya, lambar ta fito sarai, ku tura wa wani ɗan uwa. Kada a haɗa shi da kuɗi wuri ɗaya, domin kuɗin ɓarawo ke nema. Tsofaffi a riƙe musu har bakin tarago. In ya ɓace, a ruga wurin masu sayarwa tun da sauran rana, da katin shaida a hannu da wanda ke jin Faransanci, a nemi babba, a dage. Kada a yi gangancin shiga babu tikiti da fatan roƙon mai dubawa a hanya, can ba ka da bakin magana. In ta kai ga sake biya, a adana sabon tikitin, a rubuta takardar koke a ajiye kwafi.

Ku kuma masu jirgi, ku liƙa doka ɗaya a bangon tasha, ku sa a riƙa faɗinta a lasifika da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa, ku ajiye ma'aikaci guda da ofishinsa zai kasance a buɗe har jirgi ya tashi.