Jamusanci kuma? Mu ko Faransancin bai ishe mu ba

Mai wani labari da na karanta ya ce duk wanda ya yi sakandare yana tuna fargabar jarrabawar Faransanci da Jamusanci, to ina ganin makarantun birni yake nufi. Mu a ƙauyenmu da ke kusa da Maigatari, Jamusanci sai dai a Sashen Hausa na DW, shi ma sunan ƙasar kawai muke ji. Faransanci kuwa, tun da Abacha ya ce ya zama harshe na biyu a 1996 aka cusa shi a jadawali, amma malaminmu ɗan bautar ƙasa ne, da ya gama shekararsa ya tafi, aka bar mu da littafi ɗaya ya yage. Haka muka haddace "je suis, tu es, il est" da waƙa kamar karatun allo, ba mu san ma'anarsa ba. Ranar jarrabawa aka tambayi abokina "Comment tu t'appelles?" (wato "Yaya sunanka?"), ya miƙe ya ce "Oui, monsieur" (wato "Eh, malam"), ajin ya fashe da dariya, har malamin da ya zo duba mu ya kasa riƙe tasa. Abin haushin, ranar Alhamis a kasuwar Maigatari yaran da ke zuwa Damagaram suna lissafin sefa da Faransanci tiryan-tiryan, ba su taɓa shiga aji ba. Ɗan'uwa da ka rubuta a sharhinka cewa lalacin ɗalibai ne ya hana su iya Faransanci, a wace makarantar ƙauye ka ga malamin Faransanci ya yi shekara biyu a jere?